Jarida, barkwanci, fim da jawabi: mutum ɗaya zai iya riƙe su duka?

Malam Habibu:
Assalamu alaikum jama'a. Akwai abin da ake ta kwaɗaita wa matasa yanzu da nake so mu zauna a kansa: mutum ya zama ɗan jarida da rana, mai barkwanci da dare, ƙarshen mako yana bayan kyamara, lokaci-lokaci kuma a gayyace shi jawabi a taro. Ana ce musu ai duk sana'a ɗaya ce, ba da labari. Ni ban yarda ɗaya ba ce. Kayan aikin ne suka yi kama, wato rubutu, kunne, da sanin inda za a yi magana da inda za a yi shiru. Amma alƙawarin da ke tsakaninka da mai sauraro daban ne a kowacce. Mai karanta labari ya ɗauka duk abin da ka rubuta ya faru. Mai kallon barkwanci ya yarda ka ƙara gishiri. Ranar da waɗannan biyun suka cakuɗe a kan mutum ɗaya, nan ake samun matsala. Masu sanin aikin, ta ina ake farawa, kuma me ya fi saurin lalacewa?

Nasiru:
Wa alaikumus salam Malam. Haɗa su ba sabon abu ba ne. Marubuci Mark Twain ya fara da aikin jarida a yankin Nevada na Amurka a 1862, ya yi suna da ban dariya, da ya karye a 1894 kuma yawon jawabi a ƙasashen duniya ya fita a 1895 da 1896, da shi ya taimaka wa kansa wajen biyan bashi. Jon Stewart ya jagoranci shirin barkwanci kan labarai na The Daily Show daga 1999 zuwa 2015, a tsakani ya ba da umarnin fim a 2014. Yana yiwuwa. Abin da ba a gaya wa yara shi ne babu ɗayansu da ya fara huɗun rana ɗaya.

Hajiya Rabi:
Nasiru, tun da ka kawo Twain, ka kawo ɗaya gefen. A 1862 ɗin nan ya buga labarin ƙarya a jaridarsa cewa an gano gawar mutum ta zama dutse. Shi wasa yake yi, amma wasu jaridu suka kwafa suka buga a matsayin gaskiya. Abin da Malam Habibu yake faɗa ke nan, kuma tun kafin intanet.

Ni abin da nake so masu sha'awar wannan hanya su fara ganewa shi ne ginin rubutun kansa ya saba. Labarin jarida kana sa mafi muhimmanci a jimlar farko: wa, me, ina, yaushe. Edita zai iya yanke rabin labarin daga ƙasa bai rasa komai ba. Barkwanci kuwa akasin haka yake. Ka yi shimfiɗa, ka ɓoye abin mamakin, kalmar da za ta tayar da dariya ita ce ta ƙarshe a jimla, bayanta sai shiru. Ɗan jarida idan ya hau dandamali hannunsa ya saba da fara bayar da amsa, sai ya tona asirin barkwancinsa tun a farko, ya ƙare jimlar da bayani, mutane su rasa inda za su yi dariya. Mai barkwanci idan ya zauna rubuta labari sai ya binne ainihin zancen a sakin layi na biyar. Duk wanda zai riƙe biyun, kafin ya ɗora yatsa a kan madanni ya tambayi kansa wanne yake rubutawa yau.

Sadiya:
Hajiya, to jawabi da fim fa, a wane ɓangare suke?

Hajiya Rabi:
Jawabi ya fi kusa da jarida, 'yata, amma da maimaici. Mai sauraro ba ya iya komawa baya kamar mai karatu, don haka babbar maganarka ɗaya ce, kuma za ta fito aƙalla sau uku da kalmomi daban. Fim ya fi kusa da barkwanci wajen riƙe abu sai lokacinsa, sai dai shi da hoto yake magana. Na bar wa Usman wannan.

Usman:
Na gode Hajiya. Babban ciwon ɗan jarida a fim shi ne cika baki. Ya saba kalma ce ke ɗaukar komai, sai ya rubuta sharhi ya shimfiɗa a kan hoto tun daga farko har ƙarshe, fim ya koma rahoton rediyo mai hoto. Gwajin mai sauƙi ne: kashe sauti ka kalli minti biyu na farko. Idan ba ka gane wane ne mutumin, ina yake, me ke damunsa ba, hotonka bai yi aiki ba.

Sannan hira. A rediyo ana so mai tambaya ya riƙa cewa "to", "haka ne" don hira ta yi rai. A fim wannan ɓarna ce, domin muryarka ta hau kan tasa, ba ka iya raba su wajen tacewa. Da kai ake amsawa, baki a rufe. Idan ya gama amsa ka ƙirga uku a zuci kafin tambaya ta gaba. Wannan shirun yana ba ka wurin yanka, kuma sau da yawa a cikinsa mutum yake faɗin abin da bai yi niyya ba. Ka roƙe shi ya riƙa sa tambayar cikin amsarsa: kada ya ce "shekara goma", ya ce "na yi shekara goma ina wannan aikin", don ana cire muryarka daga baya.

Kafin a naɗe kaya, kowa ya yi tsit na daƙiƙa 30 zuwa 60 a ɗauki sautin ɗakin shi kaɗai. Da shi ake cike gurbin da aka yanke, in ba haka ba kunne zai ji sauti yana faɗuwa yana dawowa. Sai hotunan cike gurbi: hannunsa, abin da ke kan teburinsa, ƙofar shiga, titin waje. Kowane a riƙe shi daƙiƙa 10 ba motsi, a ɗauka daga nesa, daga tsakiya, daga kusa. Wanda ya dawo da hira zalla ba shi da abin rufe yanka, kan mutumin zai riƙa tsalle a allo.

Garba mai sauti:
Usman ya taɓo inda ke min ciwo. Mutane suna haƙuri da hoto mai duhu, ba sa haƙuri da sauti marar kyau. Makirufon da ke jikin kyamara ba na hira ba ne, yana ɗauko fanka da amon bango fiye da muryar mutum. Ƙaramin makirufo na maƙalawa a riga, a sa shi kimanin taƙi ɗaya ƙasa da haɓa, a tabbatar mayafi ko sarƙa ba sa gogarsa. A saita na'ura yadda mafi ƙarfin muryar zai tsaya wajen -12 dB a ma'aunin ƙarfin sauti. Idan ya kai sifili ya fashe, kuma sautin da ya fashe ba ya gyaruwa. A ɗauka a 48 kHz, shi ne ma'aunin bidiyo. Kuma lasifikar kunne a kunne tun farko har ƙarshe. Allurar na'ura tana nuna maka akwai sauti, ba ta gaya maka ko ƙarar firji ce.

Idan sauti da hoto na'ura daban-daban suke, a tafa hannu sau ɗaya a gaban kyamara a farkon kowace ɗauka, da shi ake daidaita su. Masu ɗauka da waya su kula: yawancin wayoyi ba sa tsayawa a kan adadin hoto ɗaya a daƙiƙa, suna ragewa suna ƙarawa, shi ya sa a doguwar hira baki yake rabuwa da murya bayan wasu mintuna. A mayar da faifan zuwa tsayayyen adadi kafin a fara tacewa.

Usman:
Ƙari kaɗan. Idan hoto yana kyafta a ƙarƙashin fitilar ɗaki, saurin ɗauka ne bai dace da wutar ƙasar ba. Inda wuta take 50 Hz a ɗauki hoto 25 a daƙiƙa da saurin rufewar idon kyamara 1/50 na daƙiƙa, inda take 60 Hz a yi 30 da 1/60. Kuma katin ajiya ba a goge shi sai aikin yana wuri uku: kwafi biyu a na'urori daban, ɗaya kuma ba a gini ɗaya da su ba.

Malam Habibu:
Madalla. Amma kun lura har yanzu fasaha muke magana, ita kuma ana koyonta. Ni abin da ke tsorata ni shi ne wancan alƙawarin.

Anti Ladi:
Shi nake jira mu iso, Malam. A watan Janairun 2012 shirin rediyo na This American Life ya watsa labarin Mike Daisey, mai wasan kwaikwayo na mutum ɗaya, a kan masana'antun da ke haɗa kayan Apple a Sin. A dandamali ya daɗe yana yin wannan wasan ba wanda ya ce uffan. Da aka ɗauke shi aka sa a shirin da mutane suka sani da aikin jarida, aka bi diddigi, aka tarar wasu mutanen da ya ce ya haɗu da su bai haɗu da su ba. A watan Maris shirin ya janye labarin gaba ɗaya. Ku duba fa, kalmomin ba su canza ba, mazaunin ne ya canza. A 2023 kuma mujallar The New Yorker ta tambayi mai barkwanci Hasan Minhaj kan wasu labaran rayuwarsa da yake bayarwa a barkwanci, ya amsa cewa ya ƙara wasu abubuwan, daga baya ya fitar da bidiyo yana cewa mujallar ba ta yi masa adalci ba. Me ya sa aka riƙe shi da zafi alhali masu barkwanci da yawa suna ƙara gishiri? Domin mutane sun san shi da shirin sharhi kan al'amuran yau da kullum mai cike da alƙaluma. Sun ɗauke shi da ma'aunin ɗan jarida.

Don haka ga ƙa'idar da nake ganin ita ce ke riƙe mutum. A barkwanci kana iya ƙara gishiri a kan kanka, a kan yadda ka ji, a kan abin da kowa ya san ba zai yiwu ba. Ba ka ƙirƙiro wani abu da zai iya zama gaskiya ka jingina wa mutum na haƙiƙa ko hukuma ta haƙiƙa. Duk adadi, duk kwanan wata, duk maganar da ka ce wani ya faɗa, a tantance su kamar za a buga a shafin farko.

Nasiru:
Anti, ba ki ganin wannan zai kashe barkwancin? Idan kowace jimla sai an tantance, ina daɗin?

Anti Ladi:
Ba ya kashe shi, ƙanena. A raba takardar gida biyu. Shimfiɗa ita ce gaskiyar, ita ake tantancewa. Abin dariyar shi ne ra'ayinka a kanta, nan kana da 'yanci. Ka ɗauki biro mai launi ka ja layi a ƙarƙashin duk jimlar da ke iƙirarin wani abu ya faru, kowacce ka rubuta majiyarta a gefe. Wadda ba ta da majiya, ko a cire, ko a kai ta maƙurar da ba mai hankalin da zai ɗauka da gaske. Tsakiyar nan ce mai haɗari, ƙaryar da ta yi kama da gaskiya. A 2017 wani mai kamfanin haƙar kwal, Bob Murray, ya kai John Oliver, mai shirin barkwanci kan labarai a talabijin, ƙara kan ɓata suna, kotu ta kori ƙarar a 2018. Abin da ya tsare shi shi ne hujjojin suna da tushe, zolayar kuma kowa ya san zolaya ce. Duk da haka sai da aka yi ɗawainiyar lauyoyi. Wanda ba shi da babbar tasha a bayansa ya lissafa wannan. Kuma dokar ɓata suna ta bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa, a wasu wuraren laifi ne da ake ɗaure mutum a kansa, ba tara kawai ba.

Hajiya Rabi:
Akwai haɗarin da ya wuce na kai, na waɗanda suka yarda da kai. Maziar Bahari wakilin mujallar Newsweek ne a Iran a lokacin. Ya fito a wani gajeren wasa na The Daily Show inda mai barkwancin ya yi shigar ɗan leƙen asiri. Da aka kama Bahari a 2009, masu tuhumarsa sun nuna masa wannan hoton a matsayin hujja. Kwana 118 ya yi a kurkukun Evin. Wanda zai sa wani a shirin barkwanci ya tambayi kansa yadda hoton zai zama a idon wanda bai san wasa ba ne, ko wanda ya sani amma yake neman dalili.

Sannan abin da majiya ta gaya maka a asirce kana ɗan jarida, ba ya hawa dandamali ko da ka sauya suna. Mai barkwanci da kwaikwayon murya da tafiya yake ci. Ka cire sunan, ka kwaikwayi yadda mutumin yake gyara tabarau yana jan kalma, duk abokan aikinsa da ke zauren sun gane shi. Ka tona shi ba ka faɗi sunansa ba. Littafin rubutu biyu ake riƙewa, kada na jarida ya zama rumbun barkwanci.

Sadiya:
To a aikace, wanda yake son huɗun, da wanne zai fara? Ni a ganina barkwanci, tun da shi ke saurin tara mabiya, mabiya kuma su ke kawo gayyata.

Nasiru:
Ina tare da Sadiya rabi. Bassem Youssef likitan zuciya ne a Masar, ya fara da gajerun bidiyo a YouTube a 2011, cikin watanni ya koma talabijin. Amma dubi ƙarshen: sammacin kamu a 2013, shirin ya tsaya a 2014. Sauri yana da nasa kuɗin.

Malam Habibu:
Ni jarida zan ce, Sadiya, kuma dalilina na aiki ne. Ɗakin labarai ne kaɗai wurin da wani zai karɓi rubutunki kullum ya yanke shi a gabanki ya gaya miki dalili. Shekara biyu ko uku na wannan suna koya miki cika wa'adi, neman majiya biyu da ba su dogara da juna ba, kiran wanda ake zargi a ji ta bakinsa kafin bugawa, da rubuta jimlar da ba ta da kitse. Duk sauran ukun suna cin wannan. Kuma hanya ta fi sauƙi daga amana zuwa dariya. Wanda aka sani da gaskiya idan ya yi wasa ana karɓa. Wanda aka sani da wasa idan ya kawo labari mai nauyi, tambayar farko ita ce ko wasa yake yi.

Bala:
Malam, na yarda da jarida a farko, amma kada a jinkirta dandamali, domin shi ba a koyonsa a takarda. Minti biyar ake farawa da shi, ba rabin awa ba. Minti biyar masu kyau suna cin watanni. Yadda ake yi: ka rubuta, ka hau gaban mutanen da ba su san ka ba, ka ajiye waya tana naɗar sauti. Washegari ka saurara da takardar a hannu, ka sa alama duk inda aka yi dariya da ƙarfinta. Masu sana'ar suna neman dariya huɗu zuwa shida a minti. Idan daƙiƙa 30 suka wuce ba ko ɗaya, shimfiɗar ta yi tsawo, a rage kalmomi. Barkwanci ɗaya a gwada shi gaban taro uku daban kafin a yanke masa hukunci. Ya faɗi sau uku, a ajiye shi. Abokai da 'yan uwa ba ma'auni ba ne, suna dariya don suna son ka.

Kuskuren da ke cinye sababbi shi ne taka dariya. An fara dariya, tsoron shiru ya sa ka ci gaba da magana, mutane su haɗiye dariyarsu don su ji me kake cewa. Sau biyu ka yi haka ka koya musu kada su yi dariya. Ka tsaya, ka bar ta ta kai ƙololuwa, tana fara sauka ka shiga. Mafi ƙarfin abinka a ƙarshe, na biyu a ƙarfi a farko.

Sadiya:
Yaya Bala, wannan lissafin yana aiki a jawabin taro?

Bala:
Kunnen yana aiki, adadin ba ya aiki. Wanda aka gayyata ya yi magana kan aikinsa ya mayar da wurin dandalin barkwanci, za a yi dariya, ba za a sake kiransa ba, domin masu taron ba su samu abin da suka nema ba. A jawabi na minti 20, dariya uku ko huɗu sun isa, kuma kowacce ta zo bayan magana mai nauyi don a numfasa.

Anti Ladi:
Bari in ɗora a kan jawabi. Tsawo shi ne farkon abin da ke kayar da mutane. Ba banza masu shirya tarukan jawabi na TED suka tsaya a minti 18 ba. Idan an ba ka minti 20, ka shirya na 17, domin tafi, gyaran makirufo da tafiya zuwa mumbari duk suna ci. Kada ka dogara da ƙirgen kalmomi na wani harshe. Ka karanta shafi ɗaya da ƙarfi da agogo a hannu, ka san saurinka, ka rubuta daidai da shi. A haddace minti ɗaya na farko da minti ɗaya na ƙarshe kalma da kalma, tsakiya a riƙe ta da kanun magana a ƙaramin kati. Wanda ya haddace duka, kalma ɗaya ta ɓace masa sai ginin ya rushe.

Kafin ranar, tambayoyi ga mai gayyata: su wa za su zauna, su nawa, wa zai yi magana kafin kai kuma me zai ce, za a naɗa ko ba za a naɗa ba. A isa awa ɗaya kafin lokaci a gwada majigi. A riƙe hotunan jawabin a filashi, da kwafin PDF don rubutu ba ya wargajewa a kwamfutar wani, da mahaɗin HDMI naka. Kuma a shirya yadda jawabin zai tsaya da ƙafarsa ko majigi ya mutu. Lokacin tambayoyi, a maimaita tambayar a makirufo kafin amsa, na baya ba su ji ba, mai naɗa ma bai ɗauka ba.

Garba mai sauti:
Makirufon hannu a riƙe shi a gaban haɓa, tazarar yatsu biyu ko uku, idan ka juya kai hannun ya bi. Kada a rufe kansa da tafin hannu, kada a wuce da shi ta gaban lasifika, nan ƙugin nan mai huda kunne yake fitowa.

Alhaji Sule:
Na karanta duka, kun yi ƙoƙari. Saura maganar kuɗi da takarda, wadda ita ce ke kashe wannan tafiyar a ɓoye. Jawabi da jagorantar taro su ne suka fi kawo kuɗi a awa ɗaya, kuma su ne suka fi cin mutuncin ɗan jarida. Kamfanin da ya biya ka ka yi magana a taronsa a watan jiya, yau an ce ka binciki yadda yake biyan ma'aikata. Ko ka yi adalci, wa zai yarda? Hanyar ita ce a sanar da edita a rubuce kafin a karɓi gayyata, kada a karɓa daga wanda ke cikin fagen da kake rahoto a kai, idan kuma an riga an karɓa ka janye hannunka daga duk labarin da ya shafe su. Taron jam'iyya kuwa ba na ɗan jarida ba ne ko nawa za a biya.

A karanta kwantiragin aiki da kyau. Da yawa suna da sharaɗin cewa aikin waje sai da izini, wasu ma suna cewa abin da ka samar da kayan gidan ko a lokacin aiki mallakin gidan ne. Mutum ya ɗauki fim da kyamarar ofis a ranar hutunsa, fim ya samu karɓuwa, sai a fito masa da takardar da ya sa wa hannu. Gayyata kuma kowacce a rubuce: rana, tsawon magana, rabin kuɗi kafin alƙalami, abin da za a biya idan sun soke, da abin da aka yarda su yi da naɗin. Idan ba a rubuta wannan na ƙarshe ba, za ka ga jawabinka ko barkwancin da ka yi wata shida kana gogewa a intanet washegari, kuma barkwancin da kowa ya gani ya mutu a dandamali.

Usman:
Alhaji ya tuna min. Duk wanda ya yi magana a fim ya sa hannu a takardar amincewa ranar ɗauka, ba daga baya ba, yaro kuma mahaifi ko mai kula da shi. Masu rarraba fim suna tambayar waɗannan takardun. Kiɗa ma sai da izini a rubuce. YouTube yana gane waƙar wani da kansa, kuɗin tallan ya tafi wurin mai waƙar ko a toshe bidiyon. Masu lissafin za su rayu da tallan YouTube su san sai da mabiya 1,000 da awa 4,000 na kallo cikin wata 12 ake buɗe wannan ƙofar ga dogayen bidiyo.

Nasiru:
To lokaci fa? Taura biyu ba ta taunuwa, balle huɗu.

Alhaji Sule:
Ba a tauna su tare. Ɗaya ce uwa, mai biyan bukatun wata, sauran suna bi da zango. Jarida kullum take ci. Barkwanci yana son dare biyu ko uku a mako, in an bar shi wata biyu kaifin ya tafi. Jawabi ɗaya mai kyau ana iya yawo da shi shekara ana sabunta misalai. Fim ne ba ya karɓar ragowar lokaci. Hirar awa ɗaya tana cin kusan awa huɗu wajen mayar da ita rubutu da hannu, kafin a zo tacewa, wadda ke son kwanaki a jere kai na wuri ɗaya. Fim hutu ake ɗaukar masa, kuma a tara abin da zai riƙe gida na watannin kafin a fara. Wanda ya ce zai tace da daddare bayan aiki, faifan zai shekara a aljihun tebur.

Sadiya:
Tambaya ta ƙarshe. Shafi ɗaya za a riƙa sa komai, ko a raba?

Hajiya Rabi:
A raba, 'yata, amma kada ki dogara da rabuwar. Bidiyo yana barin shafinsa cikin minti ɗaya, wani ya sauke ya yanke daƙiƙa 20 ya tura ba tare da bayanin da kika rubuta a ƙasa ba. Don haka alamar tana shiga cikin hoton kansa: kalmar "barkwanci" a rubuce a kusurwa tun daga daƙiƙar farko har ta ƙarshe, a ɗan matso da ita ciki yadda ba za a datse ta ba. Kada a yi wasan a teburin da ake karanta labarai, ko da irin kayan da ake sawa a labarai, ko da tambarin gidan a baya. Cikakken naɗin asali kuma a ajiye shi da kwanan watansa, don ranar da guntun ya fara yawo a sami abin fitarwa nan take.

Garba mai sauti:
A faɗe ta da baki ma a farkon naɗin, saboda masu cire sautin kaɗai su tura.